Kaburburan Osu da Ƙurar Reggane

Yaranmu na unguwannin Nima da Maamobi a nan Accra, in ka ambaci bam ɗin nukiliya, Hiroshima kaɗai suke kawowa. Sun haddace 6 ga Agusta 1945 saboda jarrabawa, sun ɗauka magana ce ta Japan da Amurka. Shi ya sa ranar Asabar na ja ɗan ƙanwata, wanda ke ajin ƙarshe a sakandare, muka hau trotro, wato motar haya, zuwa unguwar Osu.

Mun fara da maƙabartar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ta Christiansborg. Wuri ne tsaf-tsaf, ciyawa a aske, fararen duwatsu a jere. Sunayen ne suka tsayar da yaron. Turawa kan rubuta sunan soja, sai su liƙa masa na ƙabilarsa a baya: wane Moshi, wane Frafra, wane Dagomba. Ya duƙa yana shafa rubutun, ya ce, "Kawu, ai waɗannan mutanenmu ne." Na ce ƙwarai. Da yawansu daga arewa aka ɗebo su, kuma da Hausa ake ba su oda a bariki. 'Yan'uwansu ne suka tafi Bama, wato Burma, a runduna ta 81 da ta 82 suka gwabza da Japan, daga nan barikin Burma Camp ya samo sunansa. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a.

Ba nisa daga nan akwai mararrabar da aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey ranar 28 ga Fabrairu 1948. Tsoffin sojoji ne, takardar koke kawai suka ɗauko za su kai wa gwamna kan haƙƙinsu. Wannan labarin ya san shi, don kowace shekara ana ajiye furanni a wurin.

Sai da muka zauna a dandalin Black Star, iskar teku na kaɗa mu, na kawo abin da ya fito da ni daga gida. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai kusan ninki huɗu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Na ce masa ya duba watan. Lokacin hunturu ne, lokacin da ƙurar Sahara ke sauka kan tagoginmu, ta fasa mana leɓe, ta shiga ƙirjin yara. Mutanen wancan zamanin sun san inda iskar take fitowa, don haka tsoronsu yana da dalili.

Kuma ba su naɗe hannu ba. Tun Disamba 1959 wata tawaga ta tashi daga nan Accra, 'yan Ghana tare da baƙi masu fafutukar zaman lafiya irin su Michael Scott da Bayard Rustin, suka nufi Reggane a mota ba makami, da niyyar su zauna a filin gwajin. Jami'an Faransa suka tare su a Upper Volta, Burkina Faso ta yau, suka mai do su. Da bam ɗin ya tashi, firaministanmu na lokacin, Kwame Nkrumah, ya ƙulle kadarorin Faransa da ke ƙasar nan. Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. A Yuni 1962 kuma Accra ta karɓi babban taron neman duniyar da babu bam. Wallahi ina alfahari da wannan, ƙasa sabuwa fil tana gaya wa manya gaskiya a idonsu.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, me ya sa ba a gaya mana ba?" Tambayar ta yi mini ciwo. A ganina malamanmu, na boko da na Islamiyya, ya kamata su riƙa haɗa 13 ga Fabrairu da 28 ga Fabrairu in suna ba da tarihi, tunda maganar ba ta mutu ba. Gwaji 17 Faransa ta yi a Saharar har zuwa 1966, wasu ma bayan Aljeriya ta sami 'yanci. An sa hannu kan yarjejeniyar Pelindaba a 1996 don raba Afirka da waɗannan makamai, amma har yanzu Aljeriya na neman Faransa ta tsabtace wuraren, kuma akwai jama'a da ke zaune suna kiwo a yankin.