Aikin Malamin Dabbobi a Karkara, Ga Matashin da Ke Son Shiga

A ƙasashe irin su Amurka akwai ma'aikaci na musamman wanda aikinsa shi ne kama karnuka da sauran dabbobin da ke yawo sakaka, da bin diddigin cizo, da sauraron ƙorafin maƙwabta. A ƙauyukanmu na Jigawa babu ma'aikaci mai wannan suna, amma aikin yana nan, an dai rarraba shi ne tsakanin malamin dabbobi da duba-gari da mai unguwa, kuma kaso mai nauyi yakan faɗo wa irinmu da ke sashen dabbobi na ƙaramar hukuma. Duk matashin da ya tambaye ni hanyar shiga, nakan ce ya nemi difloma a fannin lafiyar dabbobi, ko a Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, ko a kwalejin tarayya da ke Vom a Jihar Filato.

Abin da makaranta ba ta koyarwa sosai shi ne sha'ani da masu dabbobin. Batun haukan kare ya isa misali. Cuta ce da ke kashe mutane kimanin 59,000 duk shekara a duniya, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Ƙa'ida ita ce a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da wanda aka ciza asibiti domin allura, sannan a ɗaure karen a sa masa ido kwana 10. Sai dai kafin labari ya iso mana, sau da yawa samari sun riga sun kashe karen da sanduna sun jefa shi a kududdufi, an kuma shafa wa yaron da ya ciza wani ƙulli an ce ya warke. A nan malamin dabbobi zai durƙusa gaban mahaifin yaron yana cewa, "Baba, don Allah a kai shi asibiti yau, kada a jira gobe," alhali ya san kuɗin allurar ba ƙarami ba ne ga manomi. Mafarauta ma sai da lallashi suke kawo karnukansu rigakafi, domin wasunsu na ganin allura za ta rage wa kare zafin nama.

Da damina kuwa, bayan an yi shelar a ɗaure dabbobi, akuyar da aka kama tana cin wake a gonar wani, gidan mai unguwa ake kai ta a turke, har mai ita ya zo a yi sulhu. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne lokacin kaka, idan shanu suka faɗa wa amfanin da ba a kwashe ba, aka kira mu tare da malamin gona mu ƙiyasta ɓarna a gaban dagaci da arɗo. A ganina ba kullum ne laifin yake ga makiyayi ba, domin akwai burtalin da na sani da faɗinsa wanda yanzu an nome shi har saniya biyu ba sa iya jerawa a cikinsa.

Albashin bai taka kara ya karya ba, kuma mai babur ne ke shan man fetur daga aljihunsa. Yawancinmu da duba dabbobin masu kiwon turka kafin babbar salla, da kuma ranakun kasuwa irin Alhamis ɗin Maigatari, muke cike giɓin.