Saƙon Godiya Bayan Gasar Ƙwallon Gora a Accra

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin malaman da muke koya wa yaran unguwannin Nima da Maamobi ƙwallon gora, wato hoki, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu har yaranmu suka kalli wasannin maza na gasar Wasannin Afirka da aka yi a nan Accra cikin watan Maris na 2024.

Iyaye ne a gaba. Gasar ta faɗo cikin azumi, ga zafin rana, kuma ba ƙaramin abu ba ne uwa ta bar ɗanta ya bi mu zuwa filin Theodosia Okoh, alhali ta san ba zai dawo gida ba sai bayan an sha ruwa. Kun ba mu amanar 'ya'yanku, kuma da ikon Allah mun dawo muku da su lafiya. Ga Alhajin da ya ba mu motarsa ya ƙi karɓar ko sisi, da iyayenmu mata da suka riƙa aiko da koko da ƙosai da dabino, Allah Ya saka muku da alheri.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da nake fatan wannan saƙo ya isa gare ta. Ranar da jiri ya ɗebi ɗaya daga cikin yaranmu a wurin zaman 'yan kallo, hankalina ya tashi ƙwarai, domin ni na je har gida na roƙi mahaifiyarsa ta bar shi. Ke ce kika kai shi inuwa, kika lallashe shi ya sha ruwa, kika zauna tare da shi har ya dawo hayyacinsa. Kafin mu yi miki godiyar da ta dace kin koma bakin aikinki. 'Yar'uwa, mun gode.

Abin da yaran suka gani ya cancanci wahalar. Su da suka saba buga wasa a kan turɓaya da sanduna masu ɗauri, sun ga yadda ake jiƙa shimfiɗar filin da ruwa domin ƙwallo ta yi gudu, sun kuma ga manyan 'yan wasa suna haƙuri da ƙwallo har su shigar da ita cikin da'irar da ke gaban raga, tunda duk bugun da aka yi daga wajenta ba a ƙirga shi ci. Na daɗe ina faɗa musu haka a bakin fili, amma zango huɗu na minti 15 da ake yi a kowane wasa sun koya musu fiye da bakina. Masar ta ɗauki zinare, Ghana azurfa, Najeriya tagulla. Mun yi baƙin cikin janyewar Afirka ta Kudu, domin mun so yaran su ga ƙasar da ta lashe kofin Afirka a wannan filin a 2022. Duk ranar da Najeriya ke wasa kuwa, ihun yaranmu ba ya raguwa, domin da yawansu a can asalin kakanninsu yake.

Godiya ta musamman ga dattijon da ya zauna kusa da mu, ya ba yaran labarin yadda Ghana ta ci kofin Afirka na farko a Alƙahira a 1974, ta kuma je gasar cin kofin duniya a Kuala Lumpur a 1975. Shi ne ya sanar da su cewa matar da filin ke ɗauke da sunanta ita ce ta zana tutar da suke kaɗawa a hannunsu. Baba, har yau suna maimaita wannan labari a gida.

Za mu ci gaba da atisaye bayan salla, kuma wanda yake da tsohuwar sanda a ajiye ya taimaka mana da ita, domin sababbin yara sun ƙaru. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya raya mana zuriya.