Kafin ka fesa fenti a jikin faiba

Jikin mota na faiba, wato zaren gilashi da aka jiƙa da rezin (ruwan ƙaro mai daskarewa), ba ya tsatsa, ba ya lotsewa, shi ya sa yaron da ya koyi aiki a kan ƙarfe yake raina shi. Sai bayan wata biyu mota ta dawo garaji, fenti ya yi ƙuraje, sawun gyara ya fito fili. Abubuwan da zan lissafa muku, ƙannena, kusan duk sun taɓa lalacewa a hannuna, kuma da wuya laifin ya zama na fentin. Ɓarnar tana ƙarƙashinsa.

Motar haɗi, wadda ake saya gunduwa-gunduwa mai ita ya haɗa da kansa, yawanci da jikin faiba take zuwa, kamar Meyers Manx da ta fito a Amurka a 1964 da injin Volkswagen Beetle. Irinta ba ta cika shigowa Maradi ba, amma aikin ɗaya ne da na rumfar bayan Hilux, da goshin manyan motocin safa, da hular kan tirela. Bamban ƙananan motocin yanzu kuwa galibi roba ce, rezin ba ya kama ta. Ka juya bayanta: in ba ka ga zare-zare ba, ko ka ga an buga PP, alamar wata irin roba, ajiye rezin ka nemi wata dabara.

Sabon jiki ba a fara shi da samfefa. Masu zuba shi sun shafa kaki a cikin abin zubin don kada ya manne, kuma kakin na nan a fatarsa. Ka gurza shi haka, ka cusa kakin cikin ƙarce, fenti ya yi ta buɗe ido-ido. Wanke da ruwan ɗumi da sabulu sau biyu, bi da maganin cire maiƙo, tsumma ɗaya na shafawa, ɗaya na ɗaukewa tun bai bushe ba.

Daga nan ɗora shi a kan shasi, ɗaure duk kusoshinsa, rataya ƙofofi da bonet, ka daidaita tazara, milimita 4 zuwa 5 ko'ina. Wanda ya gyara jiki a kan benci ya sha wahalar banza, don da zarar an ɗaure shi zai murɗe, mastik, wato ƙullun cike lotsa, ya tsage. A ɗaure ɗin nan za ka bar shi a rana sati biyu ko uku. Sabon rezin bai gama nuna ba, yana ci gaba da tsukewa, kuma gara ya gama tun babu fenti. A ƙasashen sanyi ɗakin zafi suke nema don wannan, mu Allah ya ba mu kyauta.

Zafin yana da wani amfani: iskar da ta maƙale ƙarƙashin jelkot, wato fatar waje mai sulɓi mai kaurin kusan rabin milimita, tana kumbura ta nuna kanta. Bi layin haɗi da kusurwoyi kana ƙwanƙwasawa da kuɗin ƙarfe. Inda sautin ya mutu, rami ne. Fasa shi yanzu.

Tsaga ba a lulluɓe ta da mastik, kwana kaɗan za ta dawo. Huda ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ƙara gaba, sannan ka gurje gefenta a zube, faɗin zubin ya ninka kaurin jiki sau 12. Jiki mai milimita 3, kusan santimita 4 ke nan kowane gefe. Share da asiton. Tabarmar faiba mai giram 450 a murabba'in mita tana ba da kusan milimita 1 a kowane shimfiɗi, kuma tana shan rezin ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyinta. Yage ta da hannu, kada ka yanka da almakashi, don yankakken baki yana barin layi. Shafa rezin tukuna, ɗora tabarma, daddanna da bakin buroshi, bi da rola har farin ya ɓace. Farin tabo zare ne da bai jiƙa ba. Amma tafkin rezin ba ƙarfi ba ne, ƙarfin a zaren yake, rezin zalla karyewa yake yi.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne awon maganin daskarwa, MEKP. Ƙa'ida kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya na rezin. Mintunan da aka rubuta a gwangwani na wuri ne mai digiri 20 zuwa 25. Ƙarin digiri 10 yana kusan raba lokacin biyu, mu kuma a Afrilu da Mayu muna haura 40. Saboda haka da bazara tsaya a kashi 1, ka auna da sirinji, ba da ido ba. Kada kuma tsoro ya sa ka yi ƙasa da haka, aikin zai yi danƙo ya ƙi nuna. Dama giram 200 a faffaɗan kwano, in ya ƙare ka sake damawa. A gwangwani mai zurfi rezin dafa kansa yake yi, har hayaƙi ya tashi. Yi aikin da sassafe, a inuwa. Rezin da ya daɗe a shago cikin zafi shi ma ya fara mutuwa, gwada kaɗan a murfi kafin ka biya. Maganin nan ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, kuma ba a haɗa shi kai tsaye da ruwan kobal mai hanzarta daskarwa, wuta suke kamawa. Gilashin ido da safar hannu, ko maigidanka bai ce ba.

Mastik na daidaita fuska ne kawai. In ya wuce milimita 3, wurin faiba yake so. Nasa maganin kashi 2 ne, in ka zarce zai ɓullo ta cikin farin fenti ya yi tabo. Dama shi a kan faranti mai sulɓi, ba kwali ba, kana murzawa kana ninkewa. Mai kaɗa shi kamar ƙwai iska yake cusawa.

Gurza da samfefa lamba 80, sai 180, a kan dogon katako, kana gicciyewa. Tafin hannu bin tudu da kwari yake yi, ba ya gyara su. Fesa baƙin fenti sama-sama kafin ka fara, inda baƙin ya rage nan ne kwari. A nan sai ka bar ɗabi'ar da muka saba da ita ta gurza da ruwa. Buɗaɗɗen zare da mastik suna shan ruwa su riƙe, fenti ya rufe, rana ta mai da shi tururi: ƙurajen nan ke nan. Haka maganin cire tsohon fenti, yana cin rezin. Samfefa da haƙuri kawai.

Ƙananan ramuka kamar hujin allura feshi ba ya cika su, tsallake su yake yi. Hura ƙura, haska fitila daga gefe, ka danna musu mastik mai laushi. Sai ka rufe jikin duka da fentin ƙasa na epoksi, ka bi da mai kauri shafi biyu ko uku, bakin bindigar feshi 1.8, kana barin kowane shafi ya dushe. Awon haɗi na gwangwanin da ke hannunka za ka bi, kamfani da kamfani sun bambanta. Ba shi ƴan kwanaki ya zauna, sannan ka gurza da lamba 320, 400, har 600 in fentin mai walƙiya ne.

Faiba idan aka goge ta da busasshen tsumma jan ƙura take yi, balle da hunturu da iska ta bushe. Goge da tsumma mai ɗan danshi, yayyafa ruwa a ƙasa, toshe tagogi. Da damina kuwa matsalar a tankin iska na injin feshi take, zubar da ruwansa kowace safiya. Mai fesa man sheƙi a dashbod ya yi nesa da wurin, silikon ɗinsa kaɗan ya isa ya ɓata gefe guda. Fentin da ake haɗawa da magani yana lalata huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi.

Zancen launi ku yi shi da mai mota tun ba a sayi fenti ba. Baƙi da shuɗi mai duhu suna iya wuce digiri 70 a rana, rezin ya yi laushi, zanen tabarma da iyakar gyara su fito a fuska. A Maradi fari ko ruwan toka mai haske nake ba da shawara. In ya dage sai baƙi, ƙara wa jikin kwanaki a rana, kuma ka sa siririn mayafin faiba a saman kowane gyara kafin mastik.