Mako Na Uku: Injin Yana Ci, Iska Ba Ta Dawowa

'Yan'uwa masu koyon aikin ɗumama gida, ga inda na kwana kan injin gas na ɗumama gida da aka girka mana a nan jihar Minisota ta Amurka kafin shigowar sanyi. Kamar yadda na gaya muku a baya, injin yakan kama, ya yi kamar minti bakwai, sai wutar ta mutu fanka ta ci gaba da juyawa, ɗakunan sama kuma suna nan da sanyinsu. Da farko na zargi makunnin tsaro, wanda ke yanke wuta idan zafi ya wuce ƙima, ashe shi aikinsa kawai yake yi.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne takardar da ke manne a cikin injin, inda aka rubuta cewa bambancin zafi tsakanin iskar da ke shiga da wadda ke fita ya tsaya tsakanin digiri 35 da 65 a ma'aunin Faranhait. Da na auna sai na sami 78. Akwai lissafin gano yawan iskar da ke ratsa injin da ya kamata kowannenmu ya haddace: a raba zafin da injin ke bayarwa da 1.08 sau wannan bambanci. Nawa yana ba da BTU (ma'aunin yawan zafi) 76,800 a awa, wato iskar da ke ratsa shi kusan CFM (ma'aunin yawan iskar da ke wucewa a minti ɗaya) 910 ce kawai, alhali yana bukatar aƙalla kusan 1,100.

Daga nan na ari manomita, wato na'urar auna matsin iska, na huda ƙananan ramuka biyu, ɗaya tsakanin matacin iska da fanka, ɗaya a bakin fita. Yawancin irin waɗannan injina an ƙera su ne don matsin da bai wuce inci 0.5 na tsayin ruwa ba, ni kuwa na sami 0.9, kuma 0.55 daga ciki a ɓangaren bututun da ke dawo da iska daga ɗakuna zuwa injin yake. Na zare matacin na ɗan lokaci, abin ya ragu da 0.1 kacal, don haka ba shi ne babban mai laifi ba.

Sai da na kwance kwanon da ya haɗa bututun dawowa da gefen injin na ga ɓarnar da idona. Kamfanin da ya ƙera injin ya yi alamomi a kusurwoyi huɗu inda za a yanke ƙofar iska, amma mai girkawar ya yanke kusan rabi kawai, daidai da bakin tsohon bututu, har ƙura ta zana siffar ƙaramar ƙofar a jikin matacin, sauran kuma fari tas. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin aikin minti ashirin ne da almakashin kwano.

Na faɗaɗa ƙofar, na sa sabon mahaɗi, na shafe gaɓoɓin da gam. Ina roƙonku kada ku bi shawarar buɗe rami a bututun dawowa a cikin ɗakin injin, domin yana iya janyo hayaƙin tukunyar ruwan zafi ya komo cikin gida, kuma kabon monoksaid, iskar gubar da ke cikin hayaƙin, ba ta da wari.

Yanzu bambancin zafi ya sauko 58, wutar ta daina mutuwa, matsin kuma yana 0.7. Mako mai zuwa zan sauya matacin inci 1 da mai kaurin inci 4, sannan in auna ɗakunan kwana da ƙofofi a rufe, domin babu bututun dawowa a ko ɗayansu.