Abin da na koya a gaban kaskon wainar fulawa

Wainar fulawa, wadda wasu ke kira 'yar lallaɓa, kowa gani yake ya iya ta: fulawa, albasa, attaruhu, gishiri da dunƙule, sai ɗan manja a kasko. Amma ranar da aka ce a ƙara mata kabeji da karas da ganye, a nan ake gane mai hannu. Ni a gidan wata Hajiya mai abincin sayarwa a Kano na koya, lokacin da nake aiki a ƙarƙashinta, kuma har yau da koyarwarta nake yi wa iyalina.

Babban abin da na ɗauka a wurinta shi ne ruwa a ƙarshe yake shiga. Yawancinmu sai mun dama fulawa ta yi yadda muke so, sannan mu juye kayan lambu a kai. Alhali kabeji, fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, albasa ma ta kusa haka. Gishiri na taɓa su za su fara saki. Ƙullun da kika bari daidai, kafin ki soya uku ko huɗu ya tsinke, waina ta riƙa dagargajewa wajen juyawa, waje ya soyu ciki kuwa caɓal.

Hajiya takan yanka kabejin sirara-sirara, ta gurza karas, ta barbaɗa musu gishiri, ta bar su kamar minti goma. Daga nan ta dunƙula a hannu ta matse, ruwa na bin yatsunta yana zuba a kwano. Wannan ruwan ba ta zubar da shi, da shi take fara kwaɓa fulawar, don ɗanɗanon yana cikinsa. Sai ta zuba kayan, ta juya, sannan ta riƙa ƙara ruwa da ludayi kaɗan-kaɗan. In na tambaye ta ma'auni, sai ta ce, “'Yar nan, dubi kayanki tukuna.” Gaskiyarta kuwa, domin sabuwar albasar da ake saukewa a kasuwar 'Yankaba lokacin rani ba ɗaya take da wadda ta daɗe a ajiye ba. Zogale kuma sai an tafasa shi an matse, in ba haka ba ɗacinsa da taurinsa su fito a wainar.

Ba a cika bugun ƙullu. Fulawar alkama in ta sha bugu danƙo take yi, waina ta zama sai an ja da haƙori. Ɗan karkashi ya isa ya ba ta laushi.

Wuta ma da nata. Waina mai kayan lambu ta fi ta gargajiya kauri, saboda haka matsakaiciyar wuta take so, a rufe kaskon na ɗan lokaci tururi ya dafa cikin. Kada a taɓa ta sai gefenta ya bushe ya fara ɗagowa da kansa. Manja kuwa, raina ba ya son in ga an bar shi yana hayaƙi, ƙamshin da ake nema a nan yake ƙonewa.

Tun daga 2023 da farashin fulawa ya yi tashin gwauron zabo, wannan wainar ta rufa wa gidaje da dama asiri, tunda kayan lambu na ƙara mata auki, yaran da ba sa kallon kabeji a faranti kuma su cinye shi ba gardama. Sai dai a ganina kada kayan su rinjayi fulawa. In kin ga sun yi yawa, fasa ƙwai ɗaya a ciki ya riƙe su. A ci da zafinta, da yajin ƙuli a gefe.