Daminar Badagry ba irin tamu ta Jos ba ce

Tunda na dawo 'yan majalisarmu ta Bauchi Road suke min tsiya wai na je bakin teku na huta, har da masu rantsuwa sun ga na yi fari. Hutu ina! Kawu ne ya tura ni Badagry ta jihar Legas in riƙe masa shagon hatsi da albasa kusa da kasuwar Agbalata saboda yaronsa ya taho gida aure, aka ce ɗan lokaci ne, sai ga shi damina ta same ni a can tun farkonta har ta kusa fita.

Mu 'yan Jos muna ji da kanmu a harkar ruwan sama, gani muke ba wanda ya kai mu. To amma ruwanmu mai sallama ne. Za ka ga hadari ya haɗo ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, 'yan kasuwar Taminus su fara tattara kaya, a zuba shi da tsawa wani lokacin har da ƙanƙara, bayan awa ɗaya ko biyu ya ɗauke ya gangara rafin Dilimi ya yi gaba abinsa, don garin a kan tudu yake sama da mita 1,200. Ko lokacin marka ma sanyi ne kawai, ka zura suwaita ka nemi mai shayi.

A Badagry ƙasar shimfiɗe take, yashi ne, kusan daidai take da teku, ga wani dogon ruwa kwance tsakanin garin da ainihin tekun, in ka haƙa rami kaɗan ma ruwa za ka tarar. To ina ruwan sama zai je? Nan yake zama tare da ku. A watan Yuni sai a wayi gari da yayyafi, azahar yayyafi, ka yi isha ka kwanta kana jin shi a kan kwano, ba tsawa ba hayaniya, sama ta yi fari fat ka kasa gane ƙarfe nawa sai ka duba waya. Kuma wai duk da haka zufa kake yi.

Abin da ya fi ci min rai ba ruwan ba ne, danshin ne. Wallahi komai sai ya sha. Gishiri ya dunƙule, magi ya narke a cikin takardarsa, ashana ka ƙyasta biyar kan ya gutsire ba wuta. Takalmin fata da na ajiye ƙarƙashin gado don Juma'a na jawo shi na tarar ya yi funfuna kore shar, kilishin da na taho da shi ma haka, shi kam har yau ina jin ciwonsa. Wanki kuwa sai ya kwana uku a igiya bai bushe ba sai wani wari da yake yi, dole ka bi shi da dutsen guga na gawayi tunda wuta sai an ga dama. Sannan iskar tana ɗauke da gishirin teku, kwaɗon shago sai da na riƙa ɗiga masa baƙin mai in ba haka ba tsatsa ta cinye shi.

A shago abin ya zama asara sosai. Albasar da za ta yi makonni lafiya a kasuwar Farin Gada ta Jos, can sai ta fara tsiro tana ruɓewa daga tsakiyar buhu, gero ya canza ƙamshi. Wata dattijuwa 'yar ƙabilar Egun da ke sayar da bandar kifi a gefena ita ta ce in ɗaga buhunan a kan katako in raba su da bango, albasa kuma a baje ta kar a bar ta a ɗaure. Su sun saba, da ɓawon kwakwa take haɗa wutarta in itace ya jiƙe, kwakwa kuwa garin kamar a banza. Na kira Kawu na ce Kawu don Allah a rage lodin, a riƙa turo kaɗan-kaɗan, ya ce kai dai ka ce ka gaji kana son gida, ruwa ai ko'ina ana yi. Sai da na tura masa hoton albasar a WhatsApp sannan ya yi salati.

Sauro ba sai na faɗa ba, zazzaɓi ya kwantar da ni, gidan sauro ya zama dole.

Abin mamakin shi ne watan Agusta. Daidai lokacin da Umma ke ce min a waya marka ta hana su sakat a Jos, katangar maƙwabta har ta zube, mu a can ruwan ya ɗauke. Haka tsarin yake duk shekara a wannan gaɓar, daminarsu hawa biyu ce, iskar da ke ɗauko ruwa daga teku ta wuce su ta haura arewa wajenmu, sai Satumba da Oktoba ya sake dawo musu. Garin ya yi lumshi da iska mai daɗi, kowa ya fito da katifa shanya. A wannan tsakanin ne na samu na ga tsohon gidan benen nan na 1845 da 'yan mishan suka gina, na shiga kwalekwale na tsallaka Gberefu inda a zamanin da ake bi da bayi a kai su jirgi, na taka yashin har bakin teku. Igiyar ruwan ba ta wasa ba ce, ko ƙafa ban tsoma ba.

Satumba na shigowa ya dawo, wannan karon da tsawa. Yaron Kawu ya iso da amaryarsa da akwatunanta na lefe cike da atamfa da leshi, na ce masa kafin ya sauke komai ya fara nemo kafinta ya buga musu katako.