Kaka Biyu a Ohayo

Ranar da muka tare a gidan da muke haya yanzu, abin da na fara gani ta tagar kicin shi ne masara, iyakar ganin ido. Na juya na dubi maigidana na ce, "Malam, wai wannan ce Amurkar?" Ya yi dariya ya ce ai ya faɗa mini karatun noma ya kawo shi, a ina nake so a ajiye makarantar noma, tsakiyar Niyok? Ni kuwa da na baro ƙauyenmu na wajen Makarfi ina murna na rabu da roron wake da ƙaiƙayin dawa, har ƙawayena na yi mini tsiya wai na tafi inda ƙafa ba ta taka ƙasa.

Sunan garin Wooster, a arewa maso gabashin jihar Ohayo, inda jami'ar jihar take da cibiyar binciken aikin gona. Haya a cikin gari ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi mai iyali, shi ya sa muka kama saman benen wani tsohon gidan gona a bayan gari. Mai gidan tsohuwa ce da ta haura saba'in, mijinta ya rasu, ɗanta ke noma gonar. Tun ranar farko ta ce in riƙa kiran sunanta kai tsaye. Na gwada, bakina ya ƙi. Yaya zan kama sunan sa'ar kakata gatsal? Sai na ce wa yarana su ce mata Kaka, ni ma na bi bayansu. Da ta tambayi ma'anarsa na ce a harshenmu kalmar tana nufin uwar uwa, tana kuma nufin lokacin girbi. Ta ce ai daidai ne, dukansu biyun da ciwon baya suke zuwa.

Makonnin farko ban sauko ƙasa ba sai da dalili. Turancin makaranta ina da shi, amma mutanen nan idan suka saki magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano. In Malam ya fita, yara sun tafi makaranta, sai in zauna ina kallon masara tana kallona. Tumatir ne ya sauko da ni.

A farkon Satumba lambun Kaka ya yi 'ya'ya har rassan suna kwanciya, ta aiko mini da bokiti biyu. Na ga ba za mu iya cinyewa ba, sai na yi abin da na tashi na ga ana yi: na yayyanka shi, na baza a kan tsohon zanin gado a bayan gida, zan yi kauɗa. Har da 'yar kuɓewa na shanya a gefe. Ban san ranar nan ba ta da ƙarfin tamu ba, ban kuma san raɓar da ke sauka da asuba tana jiƙa ciyawa kamar an yi yayyafi ba. Kwana uku, shanyata ta yi funfuna, ƙudaje da zanzaro suka mai da wurin kasuwa. Ina cikin kwashewa a ɓoye sai ga ta a kaina. Ba ta ce komai ba. Washegari da sassafe ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta miƙo mini ƙyallen da suke ɗaurawa a gaba in za su shiga kicin.

Ranar na ga yadda suke ajiye tumatir. Ana tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, a jefa a ruwan sanyi, ɓawon ya sulluɓe da kansa. A dafa, a ɗura a kwalabe masu faɗin baki da suke kira Mason, sunan mutumin da ya ƙirƙiro su a 1858. Kowace kwalba sai an zuba mata cokali biyu na ruwan lemon tsami, a goge bakinta tas, a ɗora murfi, a jera su a babbar tukunya ruwa ya shanye kansu, su tafasa sama da minti 40. In an tsamo su an jera a kan tawul, sai a yi shiru ana jira. Can sai ka ji "ƙwas", murfi ya lotsa ciki, alamar iska ba za ta ƙara shiga ba. Kaka tana wanke-wanke tana ƙirga ƙarar, ko waiwayowa ba ta yi. Ta ce saura ɗaya. Muka duba, kuwa ɗaya ba ta kama ba, ita muka yi miya da ita a daren.

Abin da ta fi ja mini kunne a kai shi ne wake ɗanye da masara da nama. Waɗannan ba su da tsami, tafasa kawai ba ta isa. Akwai wata ƙwayar cuta mai rayuwa inda babu iska, dafinta na kisa, kuma ba lallai a gane ta da ido ko hanci ba. Sai an sa su a tukunya mai matse tururi har zafin ya kai digiri 116 a ma'aunin da muka saba da shi. Har yau tsoron tukunyar nan nake, in ta fara huci sai in koma bakin ƙofa.

Da na sauka ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa na ga kwalabe jere a kanta, ja da kore da ruwan ɗorawa, ga dankalin Turawa a akwatuna, ga albasa a rataye, sai na gane rumbu nake kallo. Amma kakarsu da tamu ba halinsu ɗaya ba. A gida kaka sakin jiki ce: ruwa ya ɗauke, yunwar damina ta wuce, rana ta karɓi aikin busar da komai, a fara maganar bukukuwa da dambe. A nan kaka tsere ce. Kowa kunnensa na kan hasashen yanayi yana jiran lamba ɗaya, 32, wadda a ma'auninsu ita ce inda ruwa ke daskarewa. Da na fara jin ana cewa 32 na tafe, cewa na yi alhamdu lillahi, za mu ɗan sha ɗumi. Rana ma gudu take. A watan Yuni sai wajen tara na dare muke sallar magariba, a farkon Oktoba kuwa bakwai na yi an sha ruwa.

Ɗan Kaka yana yanka masararsa da inji tun tana da sauran ɗanye, kara da ganye da zangarniya duka, a niƙe a ɗura a dogon rumbun siminti don shanu. Waken suya kuwa sai ya bushe ƙayau, wata ƙatuwar mota ta shiga ta girbe ta sussuke ta sheƙe a tafiya ɗaya. Na tsaya ina kallon aikin da zai ci matan unguwarmu mako biyu yana ƙarewa kafin la'asar. Ban san ko murna zan yi ko baƙin ciki ba, don a wajen sussuka ne nake jin duk labarin garinmu.

Wata Asabar Kaka ta ce mu raka ta kudu, yankin Holmes, inda 'yan Amish suka fi yawa. Ita 'yar ɗariƙar Kirista ta Menonayit ce, asalinsu ɗaya da Amish, a 1693 suka rabu a can Turai lokacin da wani malaminsu Jakob Ammann ya ga an fara sassauci. Su Kaka suna tuƙa mota suna kunna lantarki. Waɗancan kuwa keken doki suke hawa, a gida suna magana da wani reshe na Jamusanci. A hanya muka riƙa wuce gonakin da aka yanke masara aka tsayar da karan dami-dami, kawunan a haɗe, kamar ƙananan bukkoki. Muka tsaya a Kidron, a shagon Lehman's da aka buɗe tun 1955, wanda ya yi suna wajen kayan da ba sa buƙatar wuta: fitilar kananzir, injin niƙa na hannu, dutsen guga. Kayan da muke jin kunyarsu a gida, ga Turawa na ɗaukar su hoto.

Abin da ya tsayar da ni cak a wata gona muka gan shi. Doki ne ke zagaye, an ɗaura masa doguwar sanda, a tsakiya ƙarafa na juyawa, wani yaro mai malafa yana cusa kara, ruwa kore-kore na tsiyaya a bokiti. A gefe mata na tsaye kan faffaɗan kasko suna kwashe kumfa. Tun kafin in ƙarasa ƙamshin ya gaya mini komai. Haka ake yin mazarƙwaila a wajenmu, da doki da komai, sai dai mu rake muke matsewa, su kuwa takanda, kuma ba sa bari ta daskare, in ta yi kauri kamar zuma suke saukewa. Na roƙi guntun kara na ɓare da haƙori na tsotsa a gabansu. Yaron ya saki baki. Na ce wa Kaka ta gaya masa dawa daga ƙasarmu ta Afirka ta zo musu, baƙuwa ce kamar ni.

A daren na kira Inna na ba ta labari. Ta ce, "Ke 'yar nan, duk kuɗin jirgin da aka kashe, wajen masu mazarƙwaila aka kai ki?" Na ce, "Wallahi Inna, har dokin irin na Makarfi ne, sai dai ya ninka shi biyu."

Da aikin kwalabe ya lafa sai aka shiga ɗinkin bargo. Ran Alhamis mata shida ko bakwai ke taruwa a falon Kaka, a kafa wani katako mai kusurwa huɗu, a ɗaure bargon a miƙe kamar fatar ganga. Hawa uku ne: sama ƙananan ƙyallaye da aka harhaɗa, tsakiya auduga, ƙasa yadi guda. Kowa ta kama gefenta, hannu ɗaya a sama da allura, ɗaya a ƙasa yana jiran tsinin ya taɓa yatsa ya mayar da shi. In aka gama iya inda hannu ke kaiwa, a naɗe gefen a matso. Dukansu da ɗan farin abin rufe kai, don haka ba wadda ta tsaya kallon hijabina. Tambayarsu ɗaya ce, me ba na ci. Da na ce alade, mako mai zuwa matar da ke kawo wainar tuffa ta ce ta bar kitsen da ta saba sawa, da man shanu ta yi, in ci hankalina kwance.

Sun ba ni allura ne don kada in zauna haka nan, na ga alama. Ba su san na yi shekaru ina ɗinkin hula a ɗakin Inna ba, da shi na sayi rabin kayan ɗakina. Na yi taku ɗaya, tsohuwar da ke kusa da ni ta gyara tabarau ta sunkuya tana ƙirga ɗinkin da farce. A wajensu gwana ita ce mai sa takwas zuwa goma a inci guda, a jere, ba babba ba ƙarami. Ba ta ce mini komai ba, ta dai matsa ta ba ni wuri a tsakiya, inda zanen ya fi wuya. Na nuna musu hoton 'yan lifida a hawan sallar Zazzau, na ce mu ma muna cusa auduga tsakanin yadi mu ɗinke, amma mayaƙa da dawakansu muke sa wa. Wayar ta zagaya hannu bakwai kafin ta dawo.

Zanen da muke yi suna kiransa gidan katako: ƙaramin ƙyalle ja a tsakiya, wai shi ne murhu, sai a yi ta kewaye shi da siraran ƙyallaye, gefe guda masu haske, gefe guda masu duhu. Akwai rigar marigayi mijin Kaka a ciki, akwai labulen wata. 'Yan Amish na da ba sa sa yadi mai zane, amma su Kaka ba ruwansu. Sai na hau sama na ɗauko wani zanen atamfa na cikin lefena da bakinsa ya fara cinyewa. Da Kaka ta ɗora almakashi sai da na kau da kai.

Sanyin ya zo a tsakiyar Oktoba. Da yamma Kaka ta leƙo ta ce yau ne, sama ta yi garau kuma iska ta tsaya. Muka fita da fitila da tsofaffin zannuwan gado muna lulluɓe barkono, yara na tsinke ɗanyen tumatir suna zubawa a kwali, wai in an naɗe shi a jarida zai nuna a ɗaki. Akwai 'yan layuka biyu da maigidana ya shuka tun bazara kafin mu iso, kuɓewa da yakuwa, da irin da ya saya a nan. Yakuwar ta yi tsawo har ƙirjina, mun sha miyar ganyenta, amma ba ta fara fure ba sai da rana ta gajarta, don haka zoɓon da nake ta lissafi ko ja bai gama yi ba. Na lulluɓe ta da bargona na kaina.

Da gari ya waye ciyawa ta yi fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Kuɓewar ta yi baƙi ta lanƙwashe kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Yakuwar ta ƙara kwana huɗu, ita ma ta bi. Ina tsaye a kanta sai ga Kaka da kwando, ta ce in bar makoki in zo mu shuka tafarnuwa. Na ce yanzu, da komai ke mutuwa? Ta ce yanzu ake sa ta, ta kwana a ƙarƙashin ƙanƙara, sai Yuli a haƙa. Muka durƙusa muna ɓare ta ɗaya-ɗaya, tsinin a sama, muna turawa cikin ƙasa mai sanyi har yatsuna suka daina ji, sannan muka rufe layin da karan alkama. Ta kafa ɗan katako a bakin layi na uku, ta ciro alƙalami daga aljihu ta tambaye ni yadda ake rubuta tafarnuwa da Hausa.